Ranar da Munka Maido Randa Ƙofa

Ko da za ni manta komai na aikin nan, ba ni manta ranar da munka maido randa ƙofar asibiti. Amma kafin in kai ku ga ranar, bari in faɗa muku abin da nake kwana da shi nake tashi da shi tun ba abin da ya faru.

Ina da ɗiya guda, Alheri, shekarunta uku, kuma sikila ce. Wadda ba ta taɓa renon mai wanga ciwo ba, da wuya ta gane. Yarinya tana wasa lafiya lau, hadari ya taso, iska mai sanyi ta buga, sai ki ji ƙara. Hannu ya kumbura, ƙafa ta kumbura, ko zane ba ta so ya taɓa ta. A lokacin ba abin da take buƙata sai ƙarin ruwa da maganin zafi, kuma da wuri. To garinmu ƙarami ne, tsakanin Sabon Birni da Isa, kuma kowa ya san mi ake nufi yanzu in an ce hanya. Ka fita, ba ka san ko za ka isa ba. Don haka ni tsorona guda ne: kada a wayi gari babu asibiti a garin nan, ciwon Alheri ya tashi, in goya ta in hau hanya.

Sunana Rahila. Ni ce mai shara a ɗan asibitin ikilisiyarmu. A taron ma'aikata anka ce kowa ya rubuta abu guda da ya gani a wurin aikinsa don na baya su ƙaru. Wannan shi ne nawa.

Ga wanda bai san irin wurinmu ba, ɗaki huɗu ne: ɗakin kati, ɗakin ganin marar lafiya, ɗakin awo da haihuwa, sai sito. Babba shi ne inchaji. Jami'in lafiya ne, amma a gari Likita ake ce mai. Ƙarƙashinsa nas ko ungozoma, sai maigadi, sai mai shara. Sama da inchaji akwai kwamitin dattawa, Rabaran, limamin cocinmu, ke shugabanta, shi kuma a Isa yake zaune, sai Lahadi bayan Lahadi yake zuwa. Mu Kirista a garin ba mu fi gida goma sha ba. Masu zuwa asibitin kusan duka Musulmi ne, manoma da 'yan kasuwa da mutanen rugga, har daga wajen Gangara da Burkusuma, kuma tun kakanni ba a taɓa tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa ba.

Shekarar da abin ya yi tsanani, 'yan bindiga sunka tare motar da ungozomarmu ke ciki. Ta dawo da rai bayan wata biyu, amma ba ta sake waiwayar garin ba, kuma ba wanda ya ga laifinta. Daga nan kowa ya fara zamewa. Inchaji ya ce za shi ganin gida, har yau. Iya Hannatu, wadda ke share asibitin tun ba a haife ni ba, ɗiyanta sunka zo sunka tafi da ita Zuru. Kwamiti ya rabu biyu, masu a rufe da masu a jira, har wasu dattawa ba su ba juna hannu bayan sujada. Anka sa kwaɗo. Shekara guda da 'yan watanni asibitin yana rufe. A cikin wannan lokaci sau biyu ciwon Alheri ya tashi, sau biyu maigidana Yohanna ya ɗauke mu bisa babur zuwa Sabon Birni. Duk kurmin da munka wuce sai in rufe ido.

Da farkon damina anka aiko muna Malam Istifanus daga can wajen Filato, tare da wata nas, Sista Marta. Dogo ne, furfura ta fara fito mai a gefen kunne, kuma mutum ne mai aiki yana waƙa. Abin da munka iske a ciki ba kyan gani. Awaki sun maida ɗakin awo ɗakin kwana, gara ta cinye katunan mutane, jemagu sun cika silin, magani duk ya lalace. Shi da kansa ya hau rufi ya toshe yoyo. Ya haƙa rami bayan sito munka ƙone tsohon magani. Ya shafa farar ƙasa, ya goge faifan sola har firij ɗin rigakafi ya tashi. Ya shuka zogale shida a jere, ya sayi kaza da zakara. Ya ɗauke ni a gurbin Iya Hannatu, ya maido Baba Garba, tsohon maigadinmu, Musulmi, wanda kunnensa guda ba ya ji sai in zancen goro ne.

Tsarin aikinmu haka yake: ƙarfe bakwai in share in goge, bakwai da rabi addu'ar safe, takwas a fara yanke kati.

Sai dai Malam ya zo da tsoro irin na wanda anka ba amanar rayukan ma'aikata, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce babbar ƙofa ta bakin titi za ta zauna a kulle, a riƙa shiga ta ƙaramar ƙofar da ke gefen coci. Ya rubuta haka da Turanci da Hausa ya manna. A gaban babbar ƙofar akwai darbejiya, a ƙarƙashinta randuna biyu bisa duwatsu, tun zamanin Iya Hannatu. Ya ce a kwashe su a kai sito, don ruwa yana tara jama'a, taro kuma yana jawo ido. Ni ma ya ce in daina shara a waje.

Baba Garba ya ce, "Likita, a bar randunan mana. Ƙofar da ba ruwa ba ta kiran baƙo."

Malam ya yi dariya ya ce, "Baba, ai baƙon nan nake gudu. Marar lafiya zai karanta takarda ya zagayo."

Ni da Baba Garba munka mirgina su ciki.

Munka buɗe. Ba kowa.

Makon farko munka ce ba a ji labari ba. Rabaran ya yi sanarwa a coci, to amma mu nawa ne a cocin? Mako na uku, mako na biyar. Sai ɗai-ɗai, su ma 'yan unguwarmu. Ranar kasuwa, wadda da can ba ka samun wurin aje ƙafa a barandarmu, sai mu zauna muna jin ƙarar babura suna wucewa bayan katanga, ba mai tsayawa. Sista Marta ta ce mutanen garin sun yi fushi da mu ne don an gudu an bar su. Wani dattijo ya ce a'a, an hure musu kunne ne kada su zo wurin Kirista. Kowa da tasa, kuma duk a cikin katanga ake faɗi. Wata na uku Sista Marta ta ce ita ba ta baro ɗiyanta don ta zo gadin bango ba, ta tafi. Rabaran ya zo da saƙon kwamiti: a jira zuwa kaka, in an yanke gero ba abin da ya sake, za a kwashe firij da gadaje a kai inda ake buƙatarsu.

Mai shara tana ganin abin da ba a faɗi. Malam ya daina waƙa. Addu'ar safe da take kai rabin awa ta koma ta 'yan mintoci, wata rana ma sai ya ce, "Rahila, ke yi mana." Ya daina ba zogale ruwa in an yi fashin ruwan sama, biyu sunka bushe. Kwanon abincinsa ina iske shi kamar yadda anka kawo. Rannan ya ba Baba Garba kazar da zakaran kyauta. Da na ga ya wanke jakar tafiyarsa ya shanya bayan ɗaki, sai na gane shirin tafiya yake. Na koma gida na kalli Alheri tana cin tuwo, na kasa ci. Yohanna ya ce mini, "Ke kullum kina binne mutum tun bai mutu ba." Na ce ba mutum nake binnewa ba, jaka na gani.

Ranar da nake ba ku labari, washegarin kasuwa ce, gero ya fara fidda kai. Bayan addu'ar safe na ɗauki shara zuwa juji, sai na zagayo ta bakin titi, abin da na daɗe ban yi ba. Ciyawa ta kai gwiwa a gaban babbar ƙofa. Takardar Malam ruwa ya wanke ta, rana ta ƙone ta. A gindin darbejiya na iske Inna Hajjo mai nono zaune, ƙwaryarta a gefe. Tun ina yarinya na san ta. Ruggarsu ta tashi saboda 'yan bindiga, sun dawo bayan gari sun kafa bukkoki. Ta rame har na so in kasa gane ta.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni, ta dubi kwandon shara a hannuna.

"Ke ɗiyar mishan, mi kike sharewa? Kango?"

"Asibiti mana, Inna. Ai an buɗe tun farkon damina."

Ta ce, "Wane asibiti?"

"Wanga. Akwai Likita ciki yanzu haka."

Ta ce, "Kada ki yi mini wasa, ni ba tsararki ba ce. Talatar da ta wuce waccan akwai Likita ciki?"

Na ce akwai.

Ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce jikarta Dije, 'yar shekara biyu, zazzaɓi ya kama ta, da hantsi ta fara jijjiga. Ubanta ya samo mai babur, Inna Hajjo ta rungume ta a baya. Sunka biyo ta nan. Mai babur ya rage gudu, sunka duba gindin darbejiya, ba randa. Mai babur ya ce har yanzu masu asibitin ba su dawo ba, ya murɗa sunka miƙe Isa. Ba su kai rabin hanya ba yarinyar ta cika a hannunta.

Na ce, "Inna, amma akwai takarda a ƙofa..."

"Takarda ta masu takarda ce! Mu randa muke dubawa. Ke a garin nan anka haife ki ba ki sani ba? In Hannatu ta cika randa ta ɗora faifai da moɗa, akwai Likita. In ta kife ta, ba kowa, ka wuce kada ka ɓata lokaci. Lahadi a kife, in Likita ya yi tafiya a kife. Duk mai babur daga nan har bakin iyaka ya san wannan. Wa zai tsaya yana buga ƙofa da ɗa na mutuwa a hannu, a wanga zamani? Mun ga ma an ɗauke su ɗungurungum, munka ce shi ke nan, sun tafi har abada."

Gaskiya ban sani ba. Gidanmu a bayan coci yake, duk rayuwata ta ƙaramar ƙofa nake shiga. Na ɗauka ruwan sadaka ne kawai. Iya Hannatu ba ta taɓa rubuta shi ko'ina ba, ba ya cikin takardun da anka miƙa wa Malam, ba ya cikin abin da kwamiti ya sani. Ta tafi Zuru da abinta a ka. Baba Garba shi kuma, da na tambaye shi daga baya, ya ce ya ɗauka Likita ya sani ya ƙi ne, kuma ba a faɗa wa babba magana sau biyu.

Na tsaya bayan sito da kwando a hannu na fi minti goma. In na faɗa wa Malam, mutumin da ya riga ya wanke jaka, na san wannan labari shi zai ƙarasa shi. In na yi shiru, babura za su ci gaba da wucewa, kaka ta zo, a kwashe firij. Ko ta ina na juya, hanya nake gani da Alheri a bayana.

Na shiga. Yana zaune a ɗakin ganin marar lafiya, littafin rajista a buɗe gabansa, shafi fari.

"Malam, ina da magana, amma ina tsoron ta."

"Alheri ce?"

"A'a. Ɗiyar wasu ce."

Na faɗa mai duka, ban rage ba. Ya cire tabarau ya aje. Ya juya shafin rajista baya har ya kai Talatar, ba suna ko ɗaya a ciki.

Ya ce, "Ranar nan ina nan, Rahila. A kan kujerar nan, ina kallon bango. Allurar da ke tsayar da jijjiga tana cikin kabad ɗin can. Kin san taku nawa ne daga nan zuwa babbar ƙofa?"

Na ce ban sani ba.

"Talatin. Na sha ƙirgawa, don ba ni da aikin yi."

Ya jawo durowa ya fiddo wata takarda a ninke. Ya ce roƙon canjin wurin aiki ne, ya yi mako biyu da rubuta ta, Lahadi zai ba Rabaran. Ya ce, "Da ina tsammani mutanen garin nan ne ba sa so na. Ashe da haka ne da ya fi. An aiko ni in ta da wuri, na zo na rufe shi da hannuna, har da ran yarinya. Gara su kawo wanda ya iya."

Ban san inda na samo bakin ba. Ni da ko gaisuwa nake yi mai ido a ƙasa.

Na ce, "Wa za su kawo, Malam? Shekara guda anka yi ana neman mai zuwa, kai kaɗai ka ce to. In ka tafi, Dije za ta tashi?"

"Rahila, ba ki san nauyin da ke kaina ba."

"Ban sani ba. Na dai san nauyin Alheri a bayana bisa babur, tana ihu, ni ina kallon daji. Kai kana da Filato. Ni ina za ni?"

Na ji kunyar abin da na faɗa, amma bakina ya ƙi tsayawa.

Na ce, "Kai da bakinka ka koya muna a addu'ar safe, makon da ka zo, kana tsaye nan da farar ƙasa a goshi. Ka ce Ubangiji bai zaɓi mabiyansa don ba su kuskure ba. Ka ce wanda ya yi musun saninsa ma, shi ya juyo ya ba kiwon tumakinsa. Ni na riƙe, don ranar na ji kamar da ni kake. Ko wa'azin na masu ji ne kaɗai, ban da mai yi?"

Ya rufe fuska da hannu. Kafaɗunsa na motsi. Ban taɓa ganin babban mutum haka ba, kuma ba ni fatan in ƙara gani. Na ce mu yi addu'a, bai ɗago kai ba, sai na durƙusa a wurin da na goge da safe na yi ni kaɗai. Ban iya doguwa ba. Na ce, ya Uba, ga bawanka ya gaji. Ka san da kwaɗon nan tun ba ka aiko shi ba, ka aiko shi duk da haka. Ka gafarta muna Dije, mu duka, har da ni da anka haifa a garin nan ban san abin da randa ke faɗi ba. Kada ka bari ya tafi da wanga kaya a kansa, kuma kada ka bar mu. Cikin sunan Yesu.

Bai ce amin ba.

Na tashi na nufi sito. Ban nemi izini ba, na ce in korata zai yi ya kore ni, ai duk ɗaya ne. Na kira Baba Garba ya kama mini. Randa guda mun iske ta tsage tun daga baki har gindi, sai ɗaya ta rage. Munka mirgino ta. Da munka kai babbar ƙofa, makulli yana wurin Malam. Munka tsaya, ni da tsoho da randa, kamar masu jiran a buɗe kasuwa.

Sai munka ji taku. Ya zo, idonsa ja, bai kalli kowa ba. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da Baba Garba ya ɗiga mai man gyaɗa. Ƙofar ta buɗe da ƙara har awakin maƙwabta sunka watse. Inna Hajjo ta riga ta tafi. Ni na kama nome ciyawa, Baba Garba ya gyara duwatsu. Malam ya koma ciki, na ce shi ke nan ya tafi haɗa kaya. Sai ga shi da jarka cike daga rijiya, ya rungumo ta a ƙirji, ruwa na zuba a rigar aikinsa.

Baba Garba ya ce, "Likita, ba jariri ba ne, a kafaɗa ake sa ta. Haba, karatu duk bai kai nan ba?"

Malam ya ce, "Bai kai ba, Baba. Abubuwa da yawa bai kai ba."

Sawu huɗu ya yi, bai bari kowa ya karɓa ba. Masu shago a tsallaken titi sunka fito suna kallon Likita yana ɗibar ruwa. Na wanke moɗa, na ɗora sabon faifai.

Bayan la'asar ya ce a raka shi gaisuwa. Na so in hana shi, Baba Garba ma ya ce a bari zukata su huce, ya ce a'a. Munka tafi mu uku bayan gari. Uban yarinyar yana zaune bakin bukka. Malam ya miƙa hannu, mutumin ya dubi hannun ya kau da kai. Malam ya tsuguna a ƙasa gaban Inna Hajjo ya ce, "Inna, ranar nan ina ciki. Ni na sa aka ɗauke randa. Ban tambayi kowa ba, wanda ya faɗa mini ma ban saurara ba. Laifina ne."

Uwar Dije ta tashi ta shige bukka.

Inna Hajjo ta ce, "Na ɗauka za ka ce 'yar sharar nan ce. Manya haka suke yi." Ta gyara zane. "Kwanan Dije ya ƙare, Mai ita ya karɓi abinsa. Amma kai, kada ka ƙara taɓa randa."

Ya ce ba zai ƙara ba. Har munka tashi uban bai ce muna komai ba, kuma har yau in ya ga Malam a hanya sauya hanya yake.

Washegari da hantsi na ji babur ya rage gudu bayan katanga, ya tsaya. Wani manomi ne fartanya ta sare shi a ƙafa. Washegarin wannan sai ga mata uku masu awo, ba ungozoma, Malam ya yi musu abin da zai iya. Ranar kasuwa barandarmu ta yi rabi. Yanzu ƙa'idarmu, kuma wannan karon an rubuta ta an kai wa kwamiti: babbar ƙofa a buɗe daga takwas zuwa azahar, randa a cike, in za a rufe ni ke kife ta da hannuna. Tsoron da Malam ya ji tun farko bai ƙare ba. Ni ma duk baƙuwar fuskar da ta tsaya shan ruwa sai in bi ta da ido. Makonni biyu bayan haka anka yi ruwa mai sanyi da safe, ciwon Alheri ya tashi. Taku ɗari ban yi ba na kai ta. Malam ya sa mata ruwa, ya zauna gefenta har ta yi barci da rana tsaka. Ranar na ji ya ɗan yi waƙa ƙasa-ƙasa, layi guda, ya bari.

Ba za ni ce muku komai ya gyaru ba. Ba mu da nas, ba mu da ungozoma. Dattawan kwamitin nan har yanzu ba su ba juna hannu. An fara yankan gero kuma kwamiti bai ce komai ba tukuna. Takardar canjin wurin aikin nan tana cikin durowa, ina ganinta in ina goge tebur. Bai ba Rabaran ba, bai kuma yage ta ba. Wata safiya ina iske shi tsaye gindin darbejiya yana kallon hanyar Isa, na san wa yake tunawa. Zogale huɗun da sunka rage dai yana ba su ruwa.

Abin da na koya a wannan aiki shi ne, wurin da ya daɗe yana da abubuwan da ke riƙe da shi waɗanda ba su cikin takarda, suna hannun mai shara da maigadi da mai nono. Duk wanda anka tura ya ta da wurin da ya faɗi, kafin ya ɗauke ko tsinke, ya tambayi na ƙasa mi tsinken ke yi a nan. Na kuma koyi cewa shugaba ma yana karyewa, kuma shi ba shi da wanda zai gaya wa. Mu kullum muna jira ya ƙarfafa mu, ba mu lura da kwanonsa yana komawa a cike.

Ga roƙona. Ku sa Malam Istifanus a addu'a, da sunansa, ku sa iyayen Dije. Wanda ya taɓa riƙe wuri irin wanga ya yi kuskure ya ci gaba, ya daure ya rubuto mai ko layi biyu ta hannun Rabaran, don maganar wanda ya ɗauki irin kayan ta fi tawa nauyi. In kuma kun san wata ungozoma da Allah ya ba zuciya, ku faɗa mata gaskiya, hanya ba ta da kyau, amma akwai ɗaki a share, ni na share shi. In ta iso ta ga randa a cike da moɗa a kai, ta shigo, muna ciki.